Liyari, Anini da Riyal: Karatun Tsabar da Iyaye Suka Bari a Hotoro

Duk liyarin da zai faɗo hannunka a Kano, da wuya ka ga wata shekara a jikinsa in ba 1780 ba. Wanda aka tono a ƙasan adakar tsohuwa a Hotoro 1780 ne. Wanda ke shimfiɗe a gaban mai sayar da kayan da a Kasuwar Kurmi 1780 ne. Wanda ake bugawa yau ɗin nan a Viyana ta ƙasar Ostiriya, sabo fil, shi ma 1780 ne. Wannan lamba ta sa magada da yawa sun kwana suna lissafin dukiyar da babu ita, ta kuma sa wasu, da gaskiya ta bayyana, suka yi fushi suka rabu da abin da yake da daraja ta haƙiƙa a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba.

Hotoro da maƙwabtanta, Tarauni da Gyadi-Gyadi, unguwanni ne da suka cika da mutanen da suka taso daga wani wuri. Wasu daga cikin Badala suka fito da gidan gado ya yi musu kaɗan. Wasu ma'aikata ne da suka yi ritaya suka yi gini a gefen titin Maiduguri, wasu tsofaffin sojoji ne da 'yan sanda, wasu kuma harkar mai ce ta jawo su kusa da defon NNPC. Kowa ya taso da komatsansa, kuma a cikin komatsan akwai abin da ba a buɗewa: adakar Hajiya, fantimotin Alhaji, gwangwanin da aka ɗaure bakinsa da tsumma. Sai an yi rasuwa, an share makoki, an zauna lissafin abin da mamaci ya bari, sannan a zazzage shi a kan tabarma. Sai ga tsaba kala-kala: mai huji, mai kusurwa huɗu, mai kan mace, mai raƙumi, mai rubutun Larabci da ya nannaɗe har ba a gane farkonsa. Yara su ce kuɗin Turawa ne, wani ya ce a kai Wapa, wani ya ce a ba ɗan gwangwan ya auna.

Wapa ba ta da amsa, domin 'yan canji kuɗin da ke yawo suke saye. Ɗan gwangwan kuwa nauyi yake gani. Amsar tana jikin tsabar kanta, kuma mutumin Kano ya fi kowa dacewa da ya karanta ta, in ya yi haƙuri.

Matar da ta rasu kuɗinta bai rasu ba

Matar da ke jikin liyari ita ce Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Kafin rasuwarta kuɗin ya riga ya karɓu a hannun fataken Larabawa da Turkawa, har ba sa yarda da wani. Don haka aka ci gaba da buga shi da kamanninta na ƙarshe, da lulluɓin takaba a kanta, da shekarar da ta rasu, ba a sake ko ɗigo ba. Ostiriya ta daina amfani da shi a cikin gida tun 1858, amma bugu bai tsaya ba. A shekarun 1930 da 1940 har Roma da Landan da Paris da Bombai sun buga shi don biyan buƙatunsu a Habasha da ƙasashen Larabawa. Jimillar abin da aka buga ta haura miliyan 300. Ke nan 1780 ba ta gaya maka shekarun abin da ke hannunka. Yana iya zama ya shekara 200, yana iya zama bai kai tsaran mahaifinka ba.

Yadda ya iso Kano kuwa sananne ne. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Wuri ya yi daɗin ƙaramin ciniki, amma kaya ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851 ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Wato wuri 20,000, wanda kayan ɗan dako guda ne, liyari 8 ne kacal da falke zai ƙulle a lalitarsa. Fataken Gadamas da Tarabulus da na Barno su suka riƙa shigo da shi, maƙeran fari suka riƙa narka shi suna yin mundaye da zobba da adon dawaki, mata kuma suka riƙa sa masa kunne suna ratayawa.

Gane na gaske ba shi da wuya. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa kusan milimita 40. Azurfar da ke cikinsa kashi 833 ce cikin 1,000, wato zallarta ta ɗan haura giram 23. A bayansa akwai gaggafa mai kai biyu. A ƙarƙashin kafaɗar matar akwai haruffa biyu, S.F., na jami'an gidan bugun da ya fara fitar da wannan samfuri. Abin da ya fi tona asirin jabu shi ne gefensa: na gaske yana da rubutu da ado da suka taso a kewayen bakinsa, wanda aka zuba a ƙasa ko a kwami kuwa bakinsa a shafe yake, ko ka ga layin haɗi. A kasuwannin Larabawa da Habasha, ƙwayoyin da ke jikin maɗaurin kafaɗar matar ake shafawa. In sun goge, an san kuɗin ya sha hannu ya rage nauyi.

Liyari ba zai sayi fili a Hotoro ba. Amma azurfa ce tsabagenta, kuma duk wanda ya karɓe shi a farashin farin ƙarfe ya cuci marayu.

Tauraro mai tsini shida

Abin da ya fi yawa a kowane gwangwani shi ne mai huji: anini, ɗari da kwabo. Matasa da yawa in sun ga tauraron nan mai tsini shida sai su ce kuɗin Isra'ila ne. Ba shi ba ne. Wannan alama, da malamanmu suka sani da hatimin Annabi Sulaimanu, ita ce a tutar Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka tun daga 1914, kuma tana jikin kuɗin tun kafin nan.

Turawa sun ci Kano a 1903. Suka hana shigo da wuri, suka dage a biya haraji da tsabarsu, amma sai suka tarar kwabon Ingila ya yi wa kasuwar da ake sayen gishiri da wuri biyar girma. Shi ya sa a 1907 aka buga anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo. Na farkon da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, amma bai jure gumi da damina ba, sai aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel a 1908. In ka ɗaga anini ka ji kamar ba ka riƙe komai ba, ka ga 1907 ko 1908, ware shi gefe. Ya fi sauran wuyar samu da kyan jiki. Na shekarun farko suna ɗauke da sunan Nijeriya haɗe da BRITISH WEST AFRICA. Daga 1912 aka cire sunan Nijeriya, domin kuɗin ya zama na tarayya da Gana da Saliyo da Gambiya. A jikinsu akwai ƙimar kuɗin da rubutun Larabci, shaidar cewa masu bugun sun san da wane rubutu mutanen Arewa ke karatu.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, shekara ɗaya bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, daidai lokacin da cinikin gyaɗa ya buɗe. A 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka, sule da fataka da hoton bishiyar kwakwar manja a bayansu. Nan ne ya kamata magaji ya buɗe ido, domin shekara ita ke raba azurfa da tagulla. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1,000. A 1920, da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rage ta zuwa rabi, sannan a cikin shekarar aka koma gaurayen tagulla mai ruwan ɗorawa. Sule fari mai 1916 da sule ja mai 1947 suna da suna ɗaya da zane kusan ɗaya, amma ba tsara ba ne. Irin wannan tsaba ce ta cika Kano a zamanin su Alhassan Dantata, wanda labari ya shahara cewa a 1929 ya kai wa bankin Turawa ajiyar sulalla kayan raƙuma 20.

Wanda ya samu gilashin da masu gyaran agogo ke dubawa da shi zai ga wasu 'yan ƙananan haruffa a jikin da yawa daga cikinsu. H da KN gidajen bugu ne biyu a Bamingam ta Ingila, SA kuwa Firitoriya ce ta Afirka ta Kudu. Masu tara tsofaffin kuɗi suna kula da su ƙwarai, domin shekara ɗaya tana iya yin yawa da wani harafi ta yi ƙaranci da wani.

Akwai kuma kwabon 1936 mai sunan Sarki Edwad na Takwas, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu ya sauka a Disambar shekarar. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a nan an saki anini da ɗari da kwabo, tunda mai huji ba ya buƙatar hoton sarki. Labarin yana da daɗi, shi ya sa ake yawan zuzuta farashinsa. Gaskiyar ita ce an buga su da miliyoyi.

Na 1959 masu kan Sarauniya Elizabet, da aka rubuta wa sunan Tarayyar Nijeriya, namu ne na gida: su Babban Banki ya fara da su, taro mai kusurwa 12 da auduga a bayansa, sisi da koko, fataka da gyaɗa. Sun yi aiki har naira ta zo a ranar 1 ga Janairun 1973.

Guzirin alhazai

Sashen da ya fi taɓa zuciya a wurina shi ne mai rubutun Larabci, domin yawanci ragowar guzirin aikin hajji ne. Kafin jirgin sama ya zama hanyar kowa, alhazan ƙasar Hausa ta ƙasa suke bi: Maiduguri, Fallomi, Abeshe, Fashir, Ubayyid, Hartum, sannan Sawakin ko Fot Sudan a tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru. Mutum ya tsaya ya yi ƙodago a gonakin audugar Jazira, ya tara na gaba, ya ƙara matsawa. Kowane zango yana da kuɗinsa, kuma abin da ya rage a aljihu shi ya dawo gida.

Baturen da ke tara tsofaffin kuɗi sai ya sha wuya kafin ya bambance ٢ da ٣. Yaron da ya yi makarantar allo da Islamiyya a Tarauni yana karanta su a lambobin shafin Alƙur'ani kullum. Abin da ya rage masa shi ne sanin ƙa'idoji kaɗan.

Ta farko, shekarar Hijira ce. Hanya mai sauƙi ita ce ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Riyal ɗin azurfa na Sarki Abdul'aziz mai ١٣٥٤, wato 1354, ya faɗa 1935. Za ka gane shi da takubba biyu a gicciye da bishiyoyin dabino, da rubutun da ke cewa an buga shi a Makka. Nauyinsa giram 11.66, azurfarsa kashi 917 cikin 1,000, daidai da rufin Indiya na lokacin. Shi ma shekararsa ta daɗe a tsaye: an ci gaba da buga shi da 1354 har cikin shekarun 1940, wasu ma a Filadalfiya ta Amurka. In kuwa ka ga an kira sarkin da sarkin Hijaz da Najdu, to kuɗin ya girmi sunan Saudiyya, wanda aka sa wa ƙasar a 1932. Babban riyal na 1346, mai nauyin giram 24, yana cikin waɗannan.

Ƙa'ida ta biyu ta kuɗin Daular Usmaniyya ce, masu sa hannun sarkin Santambul da aka nannaɗe kamar ƙulli. Su shekara biyu suke ɗauka: wadda sarki ya hau mulki, da adadin shekarun da ya yi a kai lokacin bugun. Duk kuɗin Sarki Abdulhamid na Biyu 1293 za ka gani, domin a ita ya hau, wato 1876. Nemi ƙaramar lambar da ke wani gefen. In 20 ce, ka haɗa 1293 da 20 ka cire ɗaya, ka samu 1312, wato wajen 1894. Sannan ka nemi kalmar «duriba fi», ka karanta abin da ya biyo ta: Kustantiniyya ce ko Misra. Na Misra su ne suka yi yawo a Sudan. Waɗanda aka rubuta wa Umdurman kuwa na Halifa Abdullahi ne, magajin Mahadi, wanda mulkinsa ya ƙare a 1898. Da yawansu jan ƙarfe ya rinjayi azurfarsu saboda ƙuncin da daular ta shiga, amma a wajen tarihi suna cikin mafi daraja da za a samu a gidan Bahaushe, ganin irin alaƙar da ke tsakanin mutanenmu da Sudan tun hijirar da ta kai ga yaƙin Burmi a 1903.

Na Masar na baya sun fi sauƙi: Sarki Fu'ad da ɗansa Faruk da jar dara a ka, da shekarar Hijira da ta Miladiyya gefe da gefe. Mai hoton mutum a kan raƙumi yana sukuwa na Sudan ne, daga 1956 da ta samu 'yanci.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne na Maroko. Mutanen Magrib da lambobin boko suke rubuta shekarar Hijira. Sai magaji ya ga 1371 ɓaro-ɓaro a jikin kuɗi mai tauraro, ya ɗauka ya riƙe abin da ya girmi Sarki Muhammadu Rumfa. Alhali 1371 ta Hijira ce, wato wajen 1952. Akwai ma wasu baƙaƙe masu kauri, zubin tagulla, da tauraro mai tsini shida da shekaru irin su 1288. Na ƙarni na 19 ne. A gidan da aka san maigidan ɗan Tijjaniyya ne, irin wannan kuɗi yakan nuna ziyarar Fas, kamar yadda tsabar sefa kan nuna Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass.

Bama, Gwanja da ƙasar Faransi

In ka ga kuɗi mai kusurwa huɗu, ko mai baki kamar an yi masa cin-zanzana a kewaye, da kan Sarki Joji na Shida da kalmar INDIA, tambayi dangi ko akwai wanda ya yi soja. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da suka ƙunshi 'yan Arewa masu ɗimbin yawa, sun yi yaƙi da Japanawa a Bama, kuma ta Indiya suka bi zuwa da dawowa. Irin wannan tsaba «ana» ake kiranta, kuma ana 16 ke yin rufi ɗaya. Rufin da aka buga kafin 1940 azurfa ce mai kyau, na 1940 zuwa 1945 rabi ne, mai hoton damisa kuwa nikel ne zalla. Wani lokaci a tarar da takardar rufi da aka rubuta wa sunan gwamnatin Japan a naɗe tare da su. Kuɗin mamaya ne da Japanawa suka buga wa Bama. Mai huji da haurun giwa, ko sule mai zaki a gaban dutse, na Afirka ta Gabas ne, inda sojojin Nijeriya suka yi yaƙi da Italiya a 1941 har cikin Habasha.

Kan Kwame Nkrumah da tauraro da 1958 na Gana ne, hanyar goro ta su Salaga da Kumasi da kakanninmu suka kira Gwanja. Sidi da fesuwa sun zo a 1965. Gidaje da yawa a Kano sun dawo da irin wannan tsaba a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi wa'adin barin ƙasar, mutane suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka.

Daga arewa kuma, ta Maraɗi da Damagaram, kuɗin Faransi ne. Masu kan barewa marasa nauyi na 1948 alminiyam ne, na yankin Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, bayan an ƙirƙiro sefa a Disambar 1945. Amma babbar dalar Faransa ta ƙarni na 19, mai faran biyar, da kan Nafoliyon na Uku ko wani ƙato tsaye tsakanin mata biyu, giram 25 ce, kashi 900 cikin 1,000 azurfa. Sau da yawa tana kwance tare da liyari, domin aiki ɗaya suka yi a hannun mata da maƙera.

Na Ingila kanta, da ɗalibai da ma'aikatan da suka je kwas suka dawo da su, ƙa'idarsu gajeriya ce: farare kafin 1920 azurfa ce mai kyau, zuwa 1946 rabi, daga 1947 babu ko kaɗan.

Kafin a taɓa, kafin a sayar

Ɓarnar da ta fi kowace yawa da kyakkyawar niyya ake yin ta. Ana zazzage tsabar sai wani ya ɗauko lemon tsami da toka, ko tsamiya, ko man goge tagulla, wai a fito da haskenta. Wannan duhun da ya hau jikin tsohuwar azurfa shi masana ke nema, shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Gugar minti biyu tana kankare rubutun da ya rage, ta bar zane-zanen da ba sa gyaruwa, ta mayar da abin tarihi ya koma nauyin ƙarfe kawai. In ƙasa ce ta manne, ruwa mai tsabta ya isa, a shanya a kan ƙyalle mai laushi. A riƙe kuɗi ta gefensa. A ajiye kowanne a 'yar ambulan ta takarda, domin wasu ledoji suna sa shi ya yi kore.

Gwajin da ba ya cutarwa kaɗan ne kuma sun wadatar. Sikelin masu sayar da gwal zai ba ka nauyi, ka gwada da abin da ya kamata. Maganaɗisu ba ya kama azurfa ko zinare, don haka in ya kama, magana ta ƙare. Amma rashin kamawa ba shaida ba ce, domin ba ya kama anini ma. Azurfa in ka ɗora ta a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa, ƙararta takan yi tsawo, ta dalma kuwa a take take mutuwa. Kada a yarda wani ya kankare gefe ko ya ɗiga ruwan batir da sunan gwaji. In aka ci karo da ƙaramin ja mai mahayin doki yana sukar dodo, to ana zancen fam ɗin zinare na Ingila, giram 7.98. An yi kwaikwayonsa da yawa don adon mata, wasu da zinare mai rauni, wasu ruwa kawai aka sha musu, saboda haka sai an auna.

Wayar hannu tana taimakawa. Hoto mai kyau na gaba da baya, a hasken rana, yakan isa a gano ƙasa da shekara, kuma kundin Numista na intanet yana da nauyi da faɗi da irin ƙarfen kusan kowace tsaba. Inda ake zamewa shi ne farashi. Abin da wani ya rubuta yana nema a kasuwar intanet ba shi ne abin da aka saya ba. Kowa yana iya sa wa kwabonsa kuɗin mota.

A kan wannan zamewa 'yan damfara suke kafa tarkonsu. Salon ɗaya ne: wani Bature ko Balarabe da ba a taɓa gani ba yana neman kwabo mai huji ko tsohon dutsen guga, wai akwai wani sinadari a ciki, zai biya miliyoyi, amma sai an fara biyan kuɗin gwaji ko na dillali. A 2009 irin wannan jita-jita ta jar zaiba ta tashi a Saudiyya a kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta saye da tsada, ba a samu komai ba. Babu wani sinadari a cikin anini. Jan ƙarfe ne da nikel, kuma yawansa ya kai har an riƙa sa shi a ƙarƙashin ƙusa wajen rufin kwano. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa.

Wanda ke son ganin misali da idonsa, Gidan Makama yana nan kusa da fadar Sarki, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma Babban Banki ya buɗe gidan tarihin kuɗi a Abuja tun 2009. Dokar 1979 da ta kafa hukumar ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba tare da izini ba, don haka duk mai niyyar aika wani abu waje ya fara tambaya a can ko nasa ya shiga ciki.

Na wane ne?

Akwai tambayar da ta riga duk waɗannan, kuma ita aka fi tsallakewa. Ba duk abin da aka samu a ɗakin maigida ne nasa ba. Liyarin da aka yi wa kunne ko huji kusan kullum kayan adon mace ne: na uwargida, ko na mahaifiyarta da ta ba ta ranar da za a kai ta ɗaki, ta ba mijinta ajiya. In aka zuba shi cikin dukiyar mamaci aka raba, an ci haƙƙin mai rai. Kafin a kira mai sikeli, a zauna da Hajiya, da gwaggo, da duk wata tsohuwa da ta rage a dangi, a ɗora musu tsabar a hannu ɗaya bayan ɗaya. Su ne suka san wane ne ya je Makka a ƙasa, wa ya yi Bama, wa ya dawo daga Kumasi da iyalinsa. Kundin intanet zai gaya maka an buga riyal a 1354. Ba zai gaya maka cewa kakanka ya shekara bakwai a hanya kafin ya riƙe shi ba. A rubuta abin da suka faɗa a jikin ambulan ɗin, da sunan mai shi da garin da ya samo shi.

Sai batun zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wato wajen liyari 25 zuwa 26 in zallar azurfarsu aka lissafa. Gida kaɗan ne ke da wannan adadi, amma akwai su. A mazhabar Malikiyya adon da mace ke sawa hukuncinsa daban yake da na abin da aka taskace, saboda haka a kai wa malami bayanin nauyi da yadda aka riƙe kayan, ya yi fatawa a kan sani.

Ra'ayina game da rabo shi ne kada a watsa tarin. In aka ba wannan sule uku, waccan anini biyar, kowa zai jefa nasa a durowa, cikin shekara kaɗan a neme su a rasa, kuma hanyar da suka zana tare, daga Fallomi zuwa Jidda, ta yanke. Ya fi kyau a yi wa azurfa da zinaren da ke ciki ƙima da farashin ranar, magaji ɗaya mai sha'awa ya ɗauki tarin gaba ɗaya ya biya sauran rabonsu, da yardar kowa, a gaban shaidu, tare da kiyaye kason ƙananan yara. In kuwa buƙata ta sa dole sai an sayar, a ɗauki hoton kowanne gaba da baya, a rubuta nauyinsa, a ji ta bakin masu saye biyu ko uku kafin a sallama, a kuma karɓi kuɗin hannu da hannu a wurin, yadda shari'a ta tanada a cinikin azurfa da zinare.